Sinadarai masu haɗari: Ƙa'idojin ɗakin gwaji, dokokin ƙasa da abin da ke isa Dam ɗin Wasai

Kogin Jakara ya faro ne daga cikin birnin Kano. Yana ratsa unguwanni masu cunkoso, ya haɗu da rafin Getsi wanda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai, sannan ya nausa arewa maso gabas har ya tsaya a Dam ɗin Wasai da ke Ƙaramar Hukumar Minjibir. A wannan yanki ne manoman rani ke jan ruwansa suna ba latas da alayyafo da kabeji da tumatir, masunta na kama kifi, makiyaya na shayar da shanu. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Minjibir sun haura dubu 200, galibinsu manoma ne, gona na manne da gona.

Duk abin da aka tuttular a kwata a wancan sashe na birni, daga masana'anta ne ko asibiti ko ɗakin gwajin makaranta, yana da hanyar da zai bi ya iske waɗannan mutane, wani kaso nasa kuma ya komo birni cikin kwandon kayan miya. Don haka ɗan kasuwar da ke sayar da sinadari da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar sayensa suna da hannu a lamarin kamar mai farar riga da ke aiki da shi. Ƙa'idojin suna da yawa, amma duk a kan ginshiƙi guda suka tsayu: kada sinadari ya rabu da sunansa da kuma wanda ke da alhakinsa, tun daga tashar jiragen ruwa har ranar da za a zubar da ragowarsa.

Ina ne ɗakin gwaji?

Da an ambaci ɗakin gwaji, tunanin mutane kan tafi jami'a ko babban asibiti. Amma a Jihar Kano akwai shi a makarantun sakandare na kimiyya, da ƙananan wuraren gwajin jini da fitsari da suka cika titunan birni, da kamfanonin ruwan leda da na lemo da na jima da na robobi. Akwai kuma wuraren da ba a kiransu da wannan suna alhali aikin ɗaya ne: matar da ke haɗa sabulun ruwa da soda a tsakar gida, da marinin da ke jiƙa shadda, da mai gyaran batir, da mai shagon maganin feshi a kasuwar ƙauye. Asid ɗin da ke cikin kwalbar malamin kimiyya shi ne dai ruwan batir ɗin da bakanike ke tsiyayawa, ƙarfi ne kawai ya bambanta.

Alamomin da ke jikin mazubi

A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da yi masu lakabi, wanda aka fi sani da GHS. Tsarin ya tanadi hotuna tara, kowanne baƙin zane ne a kan fari cikin murabba'i mai jan baki da ke tsaye a kan kusurwarsa. Harshen wuta na nufin abin yana kamawa da sauri. Harshen wuta a kan zobe na nufin abin yana rura wutar da ta riga ta tashi, ko da shi kansa ba ya ci. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu guba ce mai saurin kisa. Hoton ruwa na ɗiga a kan hannu da ƙarfe na nufin yana cin fata. Mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya gargaɗi ne cewa kada ya shiga rafi.

Wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne hoton mutum mai tauraro a ƙirji. Wannan alama ce ta cutar da ba ta bayyana a ranar, irin su ciwon daji da lalacewar huhu ko hanta da illa ga ɗan tayi. Sinadarin fomalin da ake adana naman gwaji da shi a asibitoci yana cikin wannan rukuni, haka ma jan-ɗorawar garin nan na fotasiyam daikuromet da ba a rasa shi a ɗakunan gwajin makarantu.

Kowane sinadari da aka saya ta halastacciyar hanya yana da takardar bayanan kariya mai sassa 16. A ciki ake samun abin da ya ƙunsa, da taimakon farko, da irin abin da ake kashe gobararsa da shi, da yadda ake ajiye shi, da yadda ake zubar da shi. Haƙƙin mai saye ne ya nemi wannan takarda, kuma dillalin da ya kasa bayar da ita ya riga ya faɗi abin da ya kamata a sani game da hajarsa.

Yadda ake zama da su a ɗaki ɗaya

Mafi yawan haɗurran ɗakin gwaji daga ma'ajiya suke farowa. Jera kwalabe bisa haruffan sunayensu ya yi kama da tsari, amma kuskure ne babba, domin yakan haɗa maƙiya a kanta guda. Bisa hali ake raba su: asid a gefe, soda da danginta a gefe, masu kama wuta irin su itanol da asiton a cikin kabad na ƙarfe nesa da zafi, masu rura wuta kuma a nesa da su duka. Manyan kwalabe a ƙasa ake ajiye su, ba sama da kai ba. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ɗakin ajiya mai rufin kwano marar tagar iska kan cika da tururin da tartsatsin soket ɗaya ya isa ya tayar da shi. Duniya ta ga iyakar abin da mummunar ajiya ke haifarwa ranar 4 ga Agusta, 2020, lokacin da kimanin tan 2,750 na amoniyam naitiret da aka jibge shekaru a tashar jiragen ruwan Beirut ta ƙasar Lebanon ya tashi, ya kashe mutum sama da 200.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne, kuma kowacce tana da dalilinta. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid, domin zafin da ke tashi kan tafasa ruwan nan take ya fantsamo fuska. Ba a haɗa bilic da asid, ko da na wanke ban-ɗaki ne, domin iskar kulorin ce ke fitowa. Ba a zuƙar sinadari da baki ta siririn bututun gilashi, ɗabi'ar da har yau ba ta gama mutuwa ba a inda babu robar zuƙa. Ba a ci ba a sha a ɗakin, kuma firjin samfura ba na sanyaya ruwan sha ba ne. Duk aikin da ke fitar da tururi a cikin akwatin gilashi mai fankar zuƙe iska ake yin sa. Idan babu lantarkin da zai juya fankar, dakatar da aikin ake yi.

Safar hannu ma ba duka ta zama ɗaya ba. A watan Agustan 1996, wata farfesar kimiyyar sinadarai a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, Karen Wetterhahn, ƙwararriya a kan gubar ƙarafa, ta ɗiga 'yan ɗigo na wani nau'in sinadarin zaiba a kan safar roba da take sanye da ita. Sinadarin ya ratsa robar cikin daƙiƙoƙi ba tare da ta sani ba. Sai bayan watanni alamu suka bayyana, ta rasu a watan Yunin 1997. Ta bi ƙa'idar da aka sani a lokacin; rasuwarta ce ta sa aka sake ƙa'idar.

Idan sinadari ya shiga ido ko ya zuba a fata, abin yi shi ne kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin komai. Wannan na nufin ɗakin gwajin da famfonsa ya ƙafe, kuma ba a tanadi durom na ruwa a kusa ba, bai cancanci a buɗe kwalbar asid a cikinsa ba, komai matsowar jarrabawa.

Dokokin da hukumomin

Najeriya ba ta da doka guda da ta tattara batun sinadarai. Abin da ake da shi dokoki ne da aka yi ɗaya bayan ɗaya, galibi bayan aukuwar wata masifa. Ta farko mai ƙarfi ta biyo bayan abin da ya faru a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu ke Jihar Delta, inda a 1988 aka gano dubban gangunan sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili. A shekarar gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42 a kan shara mai cutarwa, wadda ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigo da irin wannan shara ko zubar da ita, da kuma Doka ta 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. Irin wannan ta'asa ce ta haifar da Yarjejeniyar Basel ta 1989, da ta Bamako ta 1991 wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla a Mali don hana mayar da nahiyar juji.

A 2007 aka kafa hukumar NESREA, ita ce yanzu ke tilasta bin dokokin muhalli, ban da ɓangaren mai da iskar gas. A ƙarƙashinta aka fitar da ƙa'idojin 2009 da suka shafi masana'antun masaƙu da fata, waɗanda suka wajabta tace ruwan aiki kafin a sake shi, da ƙa'idojin 2014 a kan sinadarai masu haɗari da magungunan ƙwari. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin shigo da sinadarai da rajistar masu sayar da su, ban da aikinta na abinci da magani da aka fi saninta da shi. Sinadaran da za a iya haɗa abin fashewa da su sai da takardar shaidar mai amfani daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, waɗanda ake iya sarrafa miyagun ƙwayoyi da su kuma NDLEA na da ido a kansu.

Su ma ma'aikatan suna da hukumominsu. IPAN, tun 1992, ita ke yi wa masu tantance ingancin abinci da ruwa da magani rajista. ICCON, tun 1993, ta masana sinadarai ce. A 2003 kuma aka yi dokar NISLT mai hedikwata a Ibadan don ma'aikatan ɗakunan gwajin kimiyya, da ta MLSCN mai kula da ɗakunan gwajin asibiti. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ba jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ikon shiga su duba wurin aiki, yayin da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi ɗaya cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki.

A takarda, babu ƙofar da aka bari a buɗe. A aikace kuwa, yawan masu gadi ne ke sa kowa ya zaci ɗan'uwansa na tsaye a bakin ƙofa. Gangar da ta shigo da cikakken izini takan wuce hannu uku ko huɗu, a fasa ta a ɗura a jarkoki, daga jarka zuwa robar ruwan sha, daga buhu zuwa ƙullin leda. A kowane mataki lakabin na raguwa, har ya zamana sunan da ya rage mata shi ne wanda mai shago ya faɗa da baki.

Idan suna ya ɓace

Kanawa sun ɗanɗana sakamakon haka a watan Maris na 2021, ana dab da azumi. Mutane suka riƙa cika asibitoci da amai da jiri da fitsarin jini bayan shan lemon haɗi. A watan Afrilu Kwamishinan Lafiya na jihar a lokacin, Dokta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya sanar da mutuwar mutum 10, tare da kwantar da kimanin 400. NAFDAC ta bayyana cewa gwajin da ta yi wa garin da aka sayar a matsayin ɗan tsami ya nuna haidiroksilamin ne, wani sinadarin masana'anta mai fasa ƙwayoyin jini. A ido duka biyun farin gari ne, kuma babu mai haɗa lemo da zai iya bambance su da kallo.

Ba wannan ne karon farko ba. A 1990 yara 109 sun mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, wani sinadari mai kashe ƙoda, a madadin furofilin gilaikol da aka saba amfani da shi. A ƙarshen 2008 abin ya maimaita kansa da maganin haƙoran yara na My Pikin, inda yara 84 suka rasu, kuma Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin cutar. Ruwayen biyu duk ba su da launi, duk suna da kauri da ɗan zaƙi. Gwajin kayan haɗi kafin a zuba su a tukunya, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa doka ta ce kamfanin magani ya mallaki ɗakin gwaji, ya isa ya raba su.

Abin da ke kwanciya a Wasai

Majeman gargajiya na Kano da bagaruwa suke jima. Kamfanonin zamani kuwa da gishirin kuromiyam suke yi, domin ya fi sauri, kuma wani kaso nasa ba ya kama fatar, ruwan wanki yake bi. Kuromiyam da dalma da kadmiyam ƙarafa ne, ba sa ruɓewa kamar ƙazantar gida. Sukan kwanta a cikin laka, su taru a ƙasar da ake ban-ruwa shekara da shekaru, ganyaye su zuƙe su, kifi ya tara su a jikinsa. Tafasa ruwa ba ya kawar da su, wanke ganye kuma na bayan ganyen kawai yake cirewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa a ruwan sha kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita guda, kuromiyam 0.05, kadmiyam kuwa 0.003. Waɗannan adadi ne da ido da hanci da harshe ba za su taɓa ganewa ba. Sai na'urar da ke fesa samfurin ruwa cikin harshen wuta ta auna hasken da ƙarfen ya shanye. Masana daga Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun daɗe suna ɗibar ruwa da laka da ganye da kifi a Getsi da Jakara da Wasai, kuma rahotanninsu sun sha nuna ƙarafan nan fiye da ƙima a wurare daban-daban. Kadmiyam ƙoda yake ci a hankali. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, kamar yadda aka gani a mafi munin siga a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400.

Idan aka kwatanta da masana'anta, abin da ɗakin gwaji guda ke zubarwa kaɗan ne. Sai dai ɗakunan suna da yawa, kuma abin kunya ne a ce wurin da ake auna gurɓatar ruwa shi ma yana ƙara mata. Ƙa'ida ita ce a kashe kaifin asid da soda kafin a zubar, a tara ruwan da ke ɗauke da ƙarafa da ragowar masu kama wuta a mazubai daban masu lakabi da kwanan wata, a miƙa su ga mai lasisin kwashe shara mai haɗari. Wannan aiki yana cin kuɗi, kuma a nan hannun ma'aikacin gwamnati ke shigowa: kasafin da ya tanadi kuɗin sayen sinadarai ga makarantu da asibitoci amma bai tanadi na zubar da ragowarsu ba ya bar wa kwata aikin. Haka nan sayen ganga guda don ragin farashi a inda lita biyu ta isa shekara. Abin da ya rage yakan tsufa a kan kanta, lakabinsa ya goge, malamin da ya san shi ya yi ritaya.

Rumbu da gona

A ƙauyukan Minjibir, sinadari mafi kusa da jama'a shi ne maganin feshi da na adana hatsi. A ƙasan lakabin kowace gora akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ga manomin da karatunsa na ajami ne, alhali lakabin da Turanci aka rubuta shi, wannan launi ne kaɗai bayanin da ke isa gare shi, shi ma yana ɓacewa da zarar an tsiyaya maganin a wata kwalba.

A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben daikulobos irin su Sniper a kasuwanni da kantuna, sinadarin da da shi ake haɗa fiya-fiya. Ta kuma sanar da haramta farakwat, maganin ciyawar da ba shi da makari, daga farkon 2024. 'Yan kasuwar hatsi sun san kuɗin da sakaci ke ci: a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar daikulobos da aka samu a cikinsa ta zarce iyakarta ta miligiram 0.01 a kilo guda. Waken da Turai ta ƙi, irinsa ne ake aunawa a kwano a kasuwannin gida. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhu kuwa iskar guba take fitarwa idan ta sha danshi, don haka ba a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin kwana ko ɗakin da ke manne da shi. Buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba komai ba.

Gorar maganin da ta ƙare ana ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda ta yadda ba mai iya zuba man gyaɗa ko kunu a ciki. Idan kuma wani ya sha ko feshi ya buge shi, ba a ɗura masa manja ko madara, ba a kuma sa shi amai. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da gorar. Likita na da allurar atirofin ga wanda daikulobos da danginsa suka kama, amma ita kanta tana da haɗari idan gubar wata ce daban, kuma daga lakabin gorar ne zai san wadda yake fuskanta.